Hausar Cikin Waya: Yadda Ake Bincikenta Da Abin Da Ya Kamata Mu Sani



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya tara mu a wannan wuri lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu masu gidaje, 'yan'uwa 'yan kasuwa, iyayenmu mata da ke saurare daga baya, da matasanmu, muna yi wa kowa barka da zuwa.

An ɗora mana nauyin yin magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana yawo a bakin shaguna da ƙofar masallaci, wato Hausar da ake yi a cikin waya. Abu biyu ne suka jawo maganar. Akwai kukan da dattawa ke yi cewa yaran Sabo sun ɓata Hausa, in ka duba saƙon yaro sai ka rasa Hausa ce, Yarabanci ne, ko kuwa Turancin buroka. Akwai kuma ɗalibai da ke zuwa daga jami'o'i riƙe da takarda, suna neman a ba su saƙonnin waya su yi nazari. Wasu daga cikinmu sun miƙa waya ba tambaya, wasu sun kore su ko zama ba su yi ba. Mu a ganinmu, duka biyun an yi gaggawa. Mu dai 'yan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa ya san ba a yanke wa kaya kuɗi sai an duba shi, dubawar kuma tana da ƙa'ida. Wannan ƙa'ida muke so mu yi bayani a kai, domin gobe in mai bincike ya yi sallama, mu iya gane na kirki da na bogi.

Da farko dai, ba yau aka fara binciken unguwar nan ba. An kafa Sabon Ibadan a 1916. A 1962 zuwa 1963 wani masani mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna da iyayenmu fiye da shekara guda, ya ƙidaya mutanen unguwa, ya samu dubu huɗu da 'yan kai, ya bi yadda ake cinikin goro da shanu, da yadda mai gida ke saukar da baƙo, da aikin dillali, da shigowar ɗariƙar Tijjaniyya. Littafinsa ya fito a 1969, har yau kuma ana karanta shi a jami'o'in duniya. Wato abin da iyayenmu suka faɗa wa baƙo guda ɗaya a zaure, shi ne ya zama fuskar Sabo a idon duniya fiye da shekara hamsin. Kafin shi kuma, Bargery, wanda ƙamus ɗinsa ya fito a 1934 da kalmomi kusan dubu 39, sai da ya zaga ƙasar Hausa yana tambaya, har yana sa alama cewa wannan kalma ta Katsinawa ce, waccan ta Sakkwatawa ce. Waɗannan mutane da kunne da alƙalami suka yi aiki, domin a lokacinsu magana in ta fita baki iska ta ɗauke ta. Yanzu kuwa hirar da muke yi tana barin sawu a waya. Shi ya sa masu bincike suka juyo kanta, shi ya sa kuma haɗarin ya fi na da.

To, ta ina mai bincike na gaskiya ke farawa? Da tambaya yake farawa, tambayar da za a iya aunawa. "Hausa ta lalace" ba tambaya ba ce, ƙorafi ne. Babu mudun da zai auna lalacewa. Amma in aka ce, a cikin saƙo ɗari da saurayi ɗan Sabo ya rubuta wa mahaifinsa, nawa ne ya sa Yarabanci a ciki, in an gwada da saƙo ɗari da ya rubuta wa abokinsa? Wannan ana iya ƙidayawa. Ko a ce, su wa suka fi rubuta "xan xo" maimakon "zan zo", 'yan ƙasa da shekara 25 ko waɗanda suka haura? Duk ɗalibin da ya zo muku, ku fara tambayarsa, yaro me kake nema? In ya ce shi dai yana so ya ga yadda Hausawa ke rubutu, to bai shirya ba tukuna, ya koma wajen malaminsa.

Daga tambaya sai ɗibar samfuri, kuma a nan muke so mu ɗan daɗe, domin a nan yawancin bincike ke karkacewa. Kowa a nan ya san huhun goro. Mai sayarwa marsa yake jerawa a sama, minu da mai sankara suna can ƙasa. Wanda ya buɗe baki kawai ya biya kuɗi, shi ya so. Mai saye na gaske sai ya zura hannu tsakiya, ya ɗebo daga gefe, ya ɗebo daga gindi. Haka mai sayen wake yake soka buhu sama da ƙasa. To Hausar intanet ma tana da marsarta a sama, wato abin da aka rubuta a fili kowa ya gani, a Facebook ko a Twitter, wadda aka sauya wa suna zuwa X a 2023. Shi ne mai sauƙin ɗiba, domin na'ura na iya kwaso dubbai a dare ɗaya.

An kuwa yi irin wannan aiki a ƙasar nan, kuma aiki ne mai kyau. A 2022 wasu masana, a gabansu Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano, sun fitar da wani rumbun saƙonni mai suna NaijaSenti. Sun kwaso rubuce-rubucen Twitter a harsuna huɗu, Hausa da Yarabanci da Ibo da buroka, kimanin dubu 30 a kowane harshe. Kowane saƙo sai da mutum uku masu jin harshen suka karanta, suka sa masa alama, na yabo ne, na suka ne, ko kuwa ba ruwansa. Me ya sa mutum uku? Domin mutum ɗaya na iya kuskure, na iya son rai. In biyu suka dace, an samu rinjaye. Mu da muka san hukuncin shaidu ba za mu yi mamakin wannan ba.

Amma fa ku tambayi kanku, mutum nawa ne a cikin ɗakin nan ke rubutu a Twitter? Mai gida da ke da shekara saba'in ba ya ciki. Matar aure da ke sayar da fura daga cikin gida ba ta ciki. Direban tirela da ke sauke tumatir da asuba ba ya ciki. Waɗanda ke ciki yawanci matasa ne 'yan boko, mazauna birni. Saboda haka in aka ce an binciki Hausar Twitter, gaskiya ne. In aka ce an binciki Hausar Hausawa, an wuce gona da iri. Daɗin daɗawa, ƙofar ba a hannun mai bincike take ba. Gwamnati ta rufe Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sannan a 2023 kamfanin da kansa ya daina barin masu bincike su kwashi saƙonni kyauta kamar da. Rumbun da makullinsa ke aljihun wani, ba a dogara da shi.

Wata malama a Amurka, Susan Herring, wadda ta yi suna a wannan fanni, ta yi bayani a 2004 cewa hanyoyin ɗiba suna da yawa, kuma kowace da aibinta. Kana iya tsintar saƙonni nan da can kamar ƙuri'a, ka tsira daga son rai, amma ka yanke kowane saƙo daga hirar da ta haife shi. Kana iya ɗaukar duk abin da aka rubuta cikin wani lokaci, a ce mako biyu, hira ta zo maka a haɗe, amma in makon ya faɗo a kan Sallah ko zaɓe, to Hausar Sallah ko ta zaɓe ka samu. Kana iya bin mutum ɗaya ko zaure ɗaya, ka san su ciki da bai, amma ba ka da bakin yin magana a kan sauran jama'a. Mafi rauni ita ce ɗibar abin da ya zo hannu, wato ɗalibi ya karɓi wayar abokansa biyar ya ce ya gama. Babu laifi mutum ya zaɓi ɗaya daga ciki. Laifin shi ne ya ɓoye wadda ya zaɓa.

Ainihin Hausarmu, wadda muke ciniki da ita, muke gaisuwar mutuwa da ita, muke bin bashi da ita, tana cikin WhatsApp. Ita kuwa tun watan Afrilu na 2016 kamfanin ya kulle saƙonni ta yadda daga mai aikawa sai mai karɓa ke iya karantawa. Na'ura ba ta kwasowa daga waje. Hanya ɗaya ce ta halal, mai waya ya bayar da hannunsa. Turawa sun riga sun gwada haka. A ƙasar Beljiyam a 2004, masana a Jami'ar Louvain sun yi shela cewa mutane su ba da kyautar saƙonninsu na tes saboda ilimi, aka kuwa turo dubbai. A ƙasar Suwizalan a 2014 an yi irin wannan shela a kan hirar WhatsApp, ƙasar da ita ma harsunanta na hukuma huɗu ne, mutanenta sun saba tsallake daga wannan zuwa wancan.

Sai dai a nan akwai wani ƙulli da ɗalibai da yawa ba sa lura da shi. Hira ba ta mutum ɗaya ba ce. In Alhaji ya yarda ya ba da hirarsa da dillalinsa na Kano, shi Alhaji ya yarda, dillalin fa? In zaure ne mai mutum tamanin, yardar mai kula da zauren ba ta wadatar ba. A aikin Suwizalan, wanda bai ba da izini ba, ba a fitar da kalmominsa ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a ƙasar nan a watan Yuni na 2023 ta ba mutum haƙƙi a kan bayanansa. Mu kuma tun kafin doka, malamanmu sun karantar da mu a cikin Suratul Hujurati cewa an hana binciken asirin mutane, sun kuma karantar da mu cewa abin da aka faɗa a majalisa amana ne. Saboda haka wanda ya shiga zaure ya yi lamo kamar ɗan gida alhali kwasar magana yake yi, ko da takardar digiri yake nema, mu a wurinmu ɗan leƙen asiri ne.

Za su ce muku, ai za mu goge suna. Ku ce musu goge suna bai isa ba. A gari kamar Legas wataƙila ya isa, amma a Sabo? In aka rubuta "wani mai gida da ke saukar da fataken shanu, yana da mata uku, ɗansa na karatu a Sudan", ko yaron da ke tallan ruwa ya san wa ake nufi. Dole a cire lambar waya, da lambar asusun banki, da sunan layi, da yawan kuɗi, da duk maganar bashi ko rashin lafiya ko rikicin aure. Jarin ɗan kasuwa ba kuɗi kaɗai ba ne, har da rufin asiri. Ranar da aka ji cewa wane ana bin sa miliyan kaza, ranar ba mai sake ba shi kaya sai da kuɗi hannu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Mu baƙi ne a idon wasu, ko da kakanninmu a nan aka binne su. Kowa ya tuna abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021. Tsakaninmu da maƙwabtanmu Yarabawa akwai barkwanci na shekara da shekaru, muna tsokanarsu suna tsokanarmu, a yi dariya a ci gaba da ciniki. In aka yanko layi ɗaya daga irin wannan wasa, aka fassara shi zuwa Turanci, aka buga a takarda ba tare da abin da ya gabace shi ba, sai ya koma zagin ƙabila. Wanda ya buga yana can ya karɓi digirinsa, mu ne a nan.

Yanzu a ce an samu saƙonni ta hanyar da ta dace. Saura tantancewa. A nan, Allah ya gafarta malamai, za mu ɗan shiga gonarku. Malaman hadisi ba su tsaya ga matani kaɗai ba, sai sun bi isnadi, wa ya ji daga wa, yaushe suka haɗu, mai ruwayar amintacce ne ko mai mantuwa. An ruwaito cewa Imamul Bukhari daga cikin ruwayoyi kusan dubu 600 ya tace littafinsa. Ba muna haɗa maganar waya da hadisi ba ne, Allah ya kiyaye, hanyar aikin muke nufi. Saƙon waya ma yana da isnadinsa. Ku buɗe zauren unguwa ranar Juma'a da safe, za ku ga addu'o'i da gaisuwa da wa'azi sun cika shi, amma nawa ne aka rubuta a Sabo? Yawanci wani ne ya rubuta a Kano ko Zariya ko Yamai, aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. Tun 2018 WhatsApp ke sa alama a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, amma wanda ya kwafa ya liƙa, babu alama. Mai binciken da bai ware waɗannan ba zai koma ya ce mutanen Sabo suna rubuta daidaitacciyar Hausa tsantsa, alhali Hausar wani ya auna.

Sannan wa ya riƙe wayar? Dattawa da yawa a nan ba su da boko, ajami suka iya. Ɗa ne ko yaron shago ke rubuta musu. Lamba ta Alhaji ce mai shekara sittin da biyar, yatsu na yaro ne ɗan sha bakwai. A wani gidan waya ɗaya ce tsakanin uwa da 'ya'yanta mata uku. Ita kanta wayar tana sa baki, domin mai gyaran rubutu da ke cikinta Turanci ya sani, ka rubuta kalmar Hausa ya mayar maka da ita wata aba daban. Duk wannan na'ura ba ta gani. Sai wanda ya zauna ya tambaya.

Tambayar ma tana da nata tarko. In ka ce wa mutum, kana cakuɗa Hausa da Yarabanci? Zai ce Allah ya sawwaƙe, shi Bakano ne gaba da baya. Minti biyar bayan nan za ka ji shi a waya yana cewa "oya, jowo ka turo min da sauran". Ba ƙarya ya yi ba, haka ɗan Adam yake, bai san yadda yake magana ba, kuma da ya ga ana saurarensa sai ya gyara zama. Wani masani Ba'amurke, William Labov, shi ya fi kowa bayyana wannan matsala, cewa muna son jin yadda mutane ke magana in ba a kallonsu, amma ba mu da hanyar ji sai mun kalle su. Dabarar da ya yi za ta burge 'yan kasuwa. A 1962 ya shiga manyan kantuna uku a birnin Niyok, na masu kuɗi, da na masu matsakaicin hali, da na talakawa. Sai ya riƙa tambayar ma'aikata inda ake sayar da wani kaya da ya riga ya san yana hawa na huɗu. Amsar da Turanci kalma biyu ce, kowace da harafin "r". In an ba shi amsa sai ya yi kamar bai ji ba, a maimaita masa a hankali. Ya koma gefe ya rubuta. Mutum 264 ya yi wa haka, ya gano cewa ma'aikatan kantin masu kuɗi sun fi furta harafin. To a wannan fuska waya ta fi baki sauƙi, domin saƙon da aka rubuta bara, an rubuta shi ne kafin mai bincike ya zo. Shi ya sa mai hankali tsofaffin saƙonni yake nema. Wanda ya buɗe sabon zaure ya ce ku shigo ku yi hira ina nazari, Hausar ranar Idi zai samu, kowa da babbar riga.

Wajen ƙidaya kuwa, ƙa'ida ita ce kada a gyara komai. In yaro ya rubuta "slm ykk", a bar shi haka, kada a mayar da shi "salamu alaikum, yaya kake". In ya rubuta "lfy", "ngd", "gsky", "wlh", haka za a ajiye, domin abin da ake nema ke nan. A kuma nemi dalili kafin a yi hukunci. Wayar salula ta GSM ta shigo ƙasar nan a 2001, saƙon tes kuma harafi 160 ne, in ka wuce an caje ka kuɗin biyu. Ga shi wayoyin farko ba su da haruffanmu masu lanƙwasa, a wayar da ke da su ma, da ka sa ɗaya sai iyakar saƙon ta faɗo zuwa harafi 70. Wato talauci da na'ura ne suka koya wa mutane taƙaita kalma da zubar da lanƙwasa, daga baya ya zama al'ada. Wanda bai san wannan tarihi ba, jahilci zai kira shi.

Rashin lanƙwasar nan shi ke ba na'ura wahala. "Baki sun zo", mu mun san baƙi ake nufi, ita ba ta sani ba. "Fada" na iya zama fadar sarki, ko faɗa na rigima, ko faɗar magana. A wurinmu nan kudu abin ya ninka. "Ni" kalma ce a Hausa, kalma ce a Yarabanci. "Wa" haka. In yaro ya rubuta "nawa", farashi yake tambaya, ko kayansa yake nufi, ko kuwa "na wa" na buroka ne, na mamaki? Dole mutum mai jin harsunan uku ya zauna ya raba, kuma fiye da mutum ɗaya. Sannan a yi hattara da abin da ake kira baƙuwar kalma. Ashana da agogo da akawu daga Yarabanci muka aro su tun zamanin kakanni, har a Sakkwato haka ake faɗa. Su ma sun karɓi albasa da wahala da lafiya ta hannunmu, mu kuma daga Larabawa. Wanda ya ƙidaya "agogo" a cikin Yarabancin da yaran Sabo suka shigo da shi, lissafinsa ya rushe tun daga tushe. Kuma adadi shi kaɗai ba ya magana. Kalmar Yarabanci ɗari biyu a cikin kalma dubu daban, a cikin dubu hamsin daban.

Ga kuma babban giɓi, saƙon murya. Ku duba wayoyinku yanzu, mu a zatonmu za ku ga muryoyi sun fi rubutu, musamman wajen dattawa da iyayenmu mata. Wanda ya tattara rubutu kaɗai ya bar rabin unguwa a waje. Aikin murya kuwa yana da cin rai, maganar awa ɗaya kan ci awa huɗu ko fiye kafin a mayar da ita rubutu, shi ya sa malalacin ɗalibi ke tsallake ta. Murya kuma ba ta ɓoyuwa kamar suna, duk wanda ya san mutum zai gane shi, saboda haka ita sai an ƙara tsanantawa wajen ajiya. Ɓangaren mata kuwa, mace ce za ta shiga ta karɓa, da iznin masu gida. Akwai ma malamai da ke rubuta ajami a takarda su ɗauki hotonsa su aika. Wannan ma Hausar waya ce, ba mu ga dalilin barinta ba.

Bayan duk an ƙidaya, aiki bai ƙare ba sai an dawo wajen mai saƙon. Wani masani a Jamus, Jannis Androutsopoulos, wanda ya yi nazarin yadda 'ya'yan baƙi mazauna can ke haɗa harshen iyayensu da Jamusanci a intanet, ya nace a kan cewa abin da ke kan gilashin na'ura rabi ne, sauran rabin yana wajen mutanen da suka rubuta. Halin waɗancan yara ya yi kama da na namu. A zauna da yaro a nuna masa saƙonsa, a ce a nan me ya sa ka juya zuwa Yarabanci? Wataƙila ya ce wasa yake yi. Wataƙila ya ce maganar mai gidan haya yake maimaitawa yadda ta fito. Wataƙila ya ce kalmar ce ba ta zo masa da Hausa ba, to wannan ita ce ya kamata ta dame mu. Uku ne daban-daban, a takardar lissafi kuwa duk layi ɗaya suke. Mu da kanmu mun san muna gaida mai saye da Yarabanci don ya saki jiki, mu juya mu gaya wa yaron shago farashin ƙarshe da Hausa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ga abin da muke roƙon shugabanni su duba. Mai bincike in ya zo, ya fara ta hannun ƙungiya, da takardar makarantarsa da sunan malamin da ke duba aikinsa. Ya yi bayani da Hausa, da baki, ba takardar Turanci a ce sa hannu a nan ba. Mai waya shi zai zaɓi hirar da zai bayar, wayar kuma ba za ta bar hannunsa ba. Wanda ya bayar yau ya sake tunani gobe, yana da damar janyewa. A haɗa mai binciken da yaranmu biyu, namiji da mace, masu jin Hausa da Yarabanci da buroka, a biya su ladan aikinsu, su ma su koyi sana'ar. Kafin a buga komai a kawo a karanta mana misalan da aka ɗauko. In an gama a ajiye kwafi ɗaya a ofishin ƙungiya, domin littafin da aka rubuta a kan iyayenmu a 1969, mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa riƙe shi?

Har ila yau, ba sai mun jira baƙo ba. Muna da 'ya'ya a jami'o'i da kwalejoji, wasu ma harshe suke karantawa. Su ya fi dacewa su fara, domin an san iyayensu, in sun ci amana an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Muna kuma roƙon duk wanda ke da tsohuwar waya a cikin akwati, irin ta shekarun farko, wadda saƙonni ke ciki har yanzu, kada ya ba yara su yi wasa da ita, kada ya sayar wa 'yan gwangwan. Ya adana ta, ya sanar da sakatare cewa tana nan.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya jiƙan magabatanmu. Mai tambaya yana iya ɗaga hannu, shugaba zai ba shi dama.